Martani Ga Mai Cewa Gani Ya Kori Ji a Cinikin Gida

Wani marubuci ya yi rubutu kwanan baya a kan cinikin tsofaffin gidaje a Fagge da Sabon Gari, inda ya ba masu gidaje da magada shawarar su sayar da gida yadda yake, ba tare da sun taɓa ko bulo ɗaya ba. Hujjojinsa ba na wasa ba ne, kuma ya dace a kawo su yadda ya nufa. Ya ce kayan gini sun yi tsadar da gyara ba ya mayar da kuɗinsa. Ya ce a waɗannan unguwanni ƙasa ake saye, domin akasarin masu saye rushewa za su yi su tayar da shaguna ko bene. Ya ce magada da yawa talakawa ne, gado suke so a raba kowa ya kama gabansa, ba su da abin da za su zuba a rufin da ba za su kwana ƙarƙashinsa ba. Daga nan sai ya yi tsallen da ya sa na ɗauki alƙalami. Ya ce tunda an rubuta a takarda cewa an sayar da gida yadda aka gan shi, to babu sauran bayani a kan mai sayarwa: mai saye ya shiga ya zagaya, gani ya kori ji, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Har ya ƙara da cewa in ma za a kashe wani abu, to a tsaya a kan ɗan fenti da ɗan filasta don gida ya yi kyan gani, kuma mai gida ya kama bakinsa sai abin da aka tambaye shi.

Rabin farko na maganarsa ba ni da ja a kai. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin dako da na kayan gini suka tashi, kuma a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama. Gwauruwa da marayu da suka gaji gidan ƙasa a Fagge ba za a ɗora musu sauya azara da sabon kwano kafin su karɓi haƙƙinsu ba. Babu shari'a ko doka da ta ce sai an gyara kaya kafin a sayar. Ana sayar da mataccen inji, ana sayar da kango, ana sayar da motar da ba ta tashi, duk ciniki ne halal muddin an san abin da ake saye. Inda muka rabu da malam marubucin nan shi ne ya haɗa abu biyu da ba su da dangantaka, wato ƙin gyara da ƙin bayani. Gyara kuɗi yake ci, kuma ana iya rasa kuɗi. Faɗar gaskiya kuwa ba ta cin sisi, saboda haka talauci ba ya zama uzurin barinta. Duk hujjojin da ya jero na tsadar siminti da halin magada sun tsaya ne a kan gyara kaɗai, babu ko ɗaya da ta taɓa batun bayani, sai dai ya bar mai karatu ya zaci sun rufe duka biyun.

Mu ɗauki rariyar tasa. Hujojin rariya a fili suke, don su ma ake sayenta. Wane ne ya taɓa ganin yoyon rufi a watan Fabrairu? Yawancin zagayen duba gida ba ya wuce ɗan lokaci kaɗan, da rana tsaka, dillali na gaba yana ta magana, 'yan haya sun kulle ɗakunansu sun tafi kasuwa, matan gida sun shige ɗaki don baƙi maza sun shigo. A irin wannan zagaye mai saye zai ga kwanon da ya yi tsatsa, zai ga ƙofar da ta karye, zai ga daɓen da ya farfashe, kuma waɗannan ba shi da bakin kuka a kansu daga baya. Amma ba zai ga cewa duk watan Agusta ruwan kwata yana dawowa tsakar gida har ya kai gwiwa ba. Ba zai ga gara da ta cinye cikin azara ta bar ɓawo ba. Ba zai ga tsohuwar rijiya ko masai da aka cike da shara aka yi daɓe a kai aka mai da wurin ɗaki ba. Ba zai san cewa gindin bangon da aka shafe da sabon filasta gishiri ya riga ya ci shi ba, har sai damina biyu ta wuce filastan ya fara ɓamɓarowa. Wanda ya kwana a gidan shekara talatin ya san waɗannan duka kamar yunwar cikinsa. Ta yaya za a ce ido na rabin awa ya yi daidai da sanin shekara talatin?

Kuma waɗannan unguwanni biyu su ne inda wannan tambaya ta fi nauyi, saboda shekarunsu. Fagge ta girmi zuwan Turawa, zango ce ta fatake da Buzaye a wajen ganuwa. Sabon Gari kuwa an yanka ta a 1913, jim kaɗan bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, don saukar ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, abin da har yau sunayen titunanta ke shaidawa. Gidan da ke tsaye a can yau sau da yawa gini ne a kan gini: tubali a ƙasa, an yi masa rigar siminti, daga baya an ƙara ɗakuna a tsakar gida, wani ya zo ya zuba dakin ya ɗora bene a kan harsashin da ba a yi shi don ɗaukar kaya ba. Ga Jakara da ke ratsa yankin, ga wuraren da a da kududdufai ne aka cike aka gina. Bango ba ya faɗa wa baƙo wannan tarihi. Mai gida ne yake riƙe da shi, ko dattijon maƙwabci, kuma shi maƙwabcin ba kasafai yake son a ce shi ya ɓata wa wani ciniki ba.

Malam ya yi magana kamar kalmar nan ta yadda yake wani sabon abu ne da ya zo da zamani, alhali malamanmu sun daɗe da yanke hukunci a kanta. Littattafan da alƙalan Kano suke hukunci da su ba su bar wannan babi a buɗe ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ɗalibai ke karantawa a zaurukan Fagge, ta hana algus da yaudara da ɓoye aibi a ciniki. Mukhtasar na Shaihu Khalil ya ƙara tsanantawa, ya wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, ya siffanta shi ko ya nuna shi, kuma kada ya dunƙule shi cikin magana guda. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya rushe shawarar malam daga tushe. Mutum ya ce na sayar maka da duk aibin da ke ciki, alhali ya san takamaiman bangon da ya tsage da ɗakin da ke kan rijiya, dunƙulewa ce, kuma ba ta sauke masa nauyi. Abin da malaman fiƙihu ke kira sayarwa bisa kuɓuta daga aibi, a mashhurin mazhabar Malikiyya ba ta aiki a kan gida, kuma inda ma aka yarda da ita, sharaɗinta shi ne mai sayarwa bai san aibin ba. Gaskiya ne Hanafiyya sun fi sassauci, sun inganta sharaɗin kuɓuta daga kowane aibi, amma ko su ba su ce ɓoye abin da ka sani ya halatta ba. Ingancin ƙulla ciniki a gaban alƙali daban, kuɓuta daga zunubi daban.

Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, alƙalin Andalus da ya rasu a 1426, ta yi bayani a kan gidaje da filaye musamman, kuma bayanin ya nuna cewa shari'a ba ta takura wa mai sayarwa ba kamar yadda malam ke tsoro. Ta kasa aibin da ya ɓuya gida uku. Akwai ƙaramin da ba ya rage komai daga kuɗin gida, wannan ba a waiwayarsa. Akwai matsakaici, irin tsagewar bango da ke rage wani abu daga kuɗin, a nan ciniki yana nan amma mai saye zai karɓi ƙimar aibin. Akwai kuma babba, wanda ya ci sulusin kuɗin ko fiye, a nan mai saye yana da ikon mayar da gida ya karɓi kuɗinsa. A ce an sayi gida naira miliyan 60, sai masana gini suka tabbatar cewa ɓoyayyen aibi ya rage masa miliyan 20, to ciniki ya warware in mai saye ya so. Yanzu a dubi magadan da malam ke cewa yana tausaya wa. Sun karɓi kuɗi, an raba, wannan ya yi aure, wancan ya sayi A Daidaita Sahu, gwauruwa ta karɓi tumuninta ta biya haya. Bayan damina sai sammaci ya zo a mayar da kuɗi. Daga ina za su haɗo shi? Shawarar da aka ba su don su huta ita ce za ta kai su zaryar kotu, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Malikiyya ma sun bambanta wanda ya sani ya ɓoye da wanda bai sani ba: idan abin da aka sayar ya halaka ta dalilin aibin da aka ɓoye da gangan, asarar a kan mai sayarwa take, kuɗi gaba ɗaya zai mayar.

Batun fenti kuwa ya fi shirun muni, domin shi aiki ne da hannu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a ƙi tatsar raƙuma ko tumaki kwanaki don hantsarsu ta cika mai saye ya zaci masu yawan nono ne, kuma ya ba wanda aka yi wa haka zaɓin mayarwa. Ya kuma tura hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai shi a kan me ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma nesanta mai algus daga al'ummarsa. A lura, a cikin waɗannan biyun babu inda mai kaya ya buɗe baki ya yi ƙarya. Shirya kayan ya yi yadda ido zai yaudaru. To mene ne bambancin wannan da cusa siminti a tsagar bango a bi da fenti mako biyu kafin a kira dillali, ko sauya allon silin ɗaya da ruwa ya yi wa taswira a bar kwanon da ke yoyo a samansa? Share gida da kwashe shara da wanke bango babu laifi a ciki. Amma fentin da aka shafa daidai inda aibi yake, don kada a gan shi, ya fitar da ciniki daga ma'anar yadda yake gaba ɗaya. Malam ba zai iya riƙe duka biyun ba. In gani ne ya kori ji, me ya sa ake rufe abin da za a gani?

Za a ce mini Sabon Gari ba cikin birni ba ce, mai sayarwa yana iya zama Ibo ko Bayarabe Kirista, mai saye ma haka, kuma rigimar filin da ke da takardar gwamna babbar kotun jiha take zuwa, inda ake bin ƙa'idar da aka gada daga Ingila cewa mai saye shi zai yi hattara. Wannan ƙa'ida tana nan, ban musa ba, kuma ita ce mafi ƙarfin abin da malam zai iya jingina da shi. Sai dai tana da iyaka biyu da bai ambata ba. Ta farko, ba ta kare wanda ya ɓoye aibi da aiki ko ya faɗi ƙarya, wannan zamba ce a kowace kotu. A Ingila kanta, a shari'ar Gordon da kamfanin Selico a 1986, kotun ɗaukaka ƙara ta kama masu gida da alhaki saboda an rufe ruɓewar katako da gangan kafin masu saye su duba. Ta biyu, ba ta shafi aibin mallaka ba, domin wajibi ne mai sayarwa ya bayyana ɓoyayyen abin da ya rataya a kan haƙƙinsa na gidan. Wasu ƙasashen ma sun daɗe da ɗaure wannan salon ciniki. A jihar Kalifoniya ta Amurka doka ta tilasta wa mai sayar da gidan zama ya cike takardar bayanin aibobin da ya sani, kuma rubuta cewa an sayar yadda yake ba ya ɗauke masa wannan. A Faransa dokar farar hula ta ɗora wa mai sayarwa lamunin ɓoyayyen aibi, kuma sharaɗin kuɓuta ba ya amfanar wanda ya sani ya yi shiru. Ban da doka ma, Musulmi ba a ba shi izinin yi wa wanda ba Musulmi ba algus, kuma Kirista yana karanta tsinuwar ma'aunin zalunci a littafin Karin Magana. Babu ɓangaren titin France Road na Sabon Gari da aka halatta wa wannan.

Hujjar da ta fi jan hankali ita ce ta rushewa: tunda mai saye buldoza zai kawo, me ya dame shi da tsagar bango? Da farko dai ba kowa ke rushewa ba. Akwai ma'aikacin da ya tara kuɗin sallamarsa, akwai ɗan kasuwar Kwari ko Singa da ke neman inda zai ajiye iyali kusa da shagonsa, kuma mai sayarwa ba shi da hanyar sanin niyyar kowa. Na biyu, wanda zai rushe ma ba ranar da ya biya yake rushewa ba. Sai ya nemi izinin gini a hukumar tsara birane ta KNUPDA, sai ya tara kuɗin rodi da siminti, sai wa'adin 'yan haya ya cika, kuma a tsawon wannan lokaci, wanda kan kai shekara ko fiye, mutane suna kwana a ciki. Gidajen haya na Sabon Gari ɗaki-ɗaki ne, layi biyu suna kallon juna, iyalai da yawa a gida ɗaya da bayi ɗaya. Tsohon mai gida ya san wane ɗaki ne ba a sa kowa a ciki da damina. Sabon mai gida bai sani ba, sai ya ga ɗaki a kulle babu kowa ya ba da shi haya. Waɗannan mutane ba su sa hannu a takardar ciniki ba, ba su yarda da wani sharaɗi ba, ba a rage musu ko kwabo ba, amma a kansu rufin zai sauko. Wane sharaɗi ne tsakanin mutum biyu zai halatta jinin na uku?

Na uku kuma, wanda zai rushe ya ɗora bene shi ya fi kowa buƙatar sanin abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Gidan ƙasa mai hawa ɗaya yana iya zama shekaru a kan cikakken kududdufi bai motsa ba, saboda ba shi da nauyi. Bene mai hawa uku cike da dilolin atamfa wani abu ne daban. Mutanen Kano ba su manta da benen da ake kan ginawa da ya rufta a kasuwar waya ta titin Beirut a ƙarshen Agustan 2022 ba, inda aka rasa rayuka, kuma a cikin watan ne ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata kaya masu yawa, har aka yi ta nuna yatsa ga gine-ginen da aka yi a kan magudanan ruwa. Ba cinikin tsohon gida ne ya jawo waɗannan ba, amma sun nuna abin da nauyi da ruwa suke yi a wannan yanki idan aka raina su. Injiniya mai hankali zai gwada ƙasa, haka ne, sai dai gwajin rami biyu ko uku yana iya tsallake rijiyar da ke kusurwa, wadda jimla ɗaya daga bakin mai gida za ta nuna. Ga kuma bangon haɗaka, wanda ya zama ruwan dare a lungunan Fagge. In mai saye bai san cewa azarar maƙwabci a kan bangon nan take kwance ba, ranar da aka fara rusau ɗakin wani ne zai buɗe.

Aibin da ya fi kowanne tsada kuwa ba a bango yake ba, kuma malam bai ce uffan a kansa ba. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ce ba a sayarwa ko jinginar da filin da ke da haƙƙin mallaka na gwamna sai da amincewarsa, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da tsananin wannan a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989. Gida yana iya tsayawa garau alhali takardarsa tana ajiye a banki a matsayin jingina. Yana iya zama akwai magajin da ke Legas ko Makka ko Kamaru da ba a tuntuɓa ba, ko maraya da ba a bi ƙa'idar sayar da rabonsa ba. Wani ɗan'uwa yana iya sayar da kasonsa a gidan da ba a raba ba, sauran su taso da haƙƙin shufa'a su karɓe daga hannun mai saye. Akwai bashin harajin ƙasa na shekaru, akwai bashin wutar KEDCO, akwai ɗan hayan da ya biya shekara biyu gaba, akwai shagon da aka fitar a kan lambatu ko aka ci hanya da shi. A Sabon Gari abin ya fi sarƙewa, domin gidaje sun sha sauya hannu cikin gaggawa a lokutan tashin hankali, tun daga 1966 har zuwa bayan hare-haren Janairun 2012, wasu da cikakkiyar takarda, wasu da rasit da shaidu kawai. Rusau ɗin da gwamnatin jiha ta yi a watan Yunin 2023 a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula ya koya wa kowa cewa sabon gini mai kyau ba ya tsare mai shi idan asalin filin yana da magana. Bincike a hukumar filaye ta KANGIS zai nuna abin da aka yi wa rajista, kuma wajibi ne mai saye ya je ya yi shi, amma ba zai nuna 'yar da aka manta da ita a rabon gado ba. Shin wannan ma za a ce mai saye ya gani da idonsa?

Ko ta fuskar riba zalla aka duba, shawarar ba ta tsaya ba. Masanin tattalin arziki George Akerlof ya yi bayani a 1970, a aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2001, cewa idan masu saye ba su iya bambanta mai kyau da maras kyau, sai su taya kowane kaya da farashin maras kyau, masu kaya nagari su janye, kasuwa ta cika da tarkace. Haka ke faruwa a cinikin tsofaffin gidaje. Da zarar dillali ya ce yadda yake ake sayarwa ba tare da ƙarin bayani ba, mai kuɗi sai ya ƙiyasta mafi munin abin da zai iya tararwa ya zabtare shi daga tayinsa. Wanda gidansa kwano kawai yake buƙata sai ya biya kuɗin zunubin wanda gidansa ke kan rijiya. Mai gaskiya ke asara a wannan tsari, mai ɓoyo ke cin riba, kuma magadan da malam ya ce yana karewa galibi suna cikin kashin farko. Wanda ya zauna ya lissafa aibobin gidansa ɗaya bayan ɗaya ya sa wa asarar iyaka: ga abin da ya lalace, ga abin da birkila ya ce zai ci, a cire wannan a biya saura. Dillali kuwa la'adarsa tana rataye ne da faɗuwar ciniki da wuri, don haka ba shi ne zai fara tayar da maganar ba, sai in masu gida da masu saye sun mai da ita sharaɗin aiki da shi.

Akwai saura guda da za a iya cewa, kuma gaskiya ce: sau da yawa magaji bai taɓa zama a gidan ba, an haife shi a wani gari, bai san komai game da shi ba. To wannan ba a neman ya faɗi abin da bai sani ba. Abin da ke kansa shi ne ya ce ban zauna a ciki ba, ga wanda ya zauna, ga tsohon ɗan haya, ga maginin da ya saba yi mana yaɓe, a tambaye su, a kawo injiniya ya duba, a buɗe kowane ɗaki. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne rashin sani na ganganci, a tura ƙaramin ƙane da bai san komai ba ya tsaya a ciniki don babban yaya da ya san komai kada a tambaye shi.

Matsayina ke nan, kuma ban ga abin da zai kawar da ni daga kansa ba. Mai gida a Fagge ko Sabon Gari yana da cikakken iko ya sayar ba tare da ya gyara komai ba, kuma sau da yawa hakan ya fi masa. Amma takardar cinikin da mai unguwa da shaidu za su sa wa hannu, ko wadda lauya zai rubuta, ta ɗauki aibobin da sunayensu: bangon gabas ya tsage daga sama zuwa ƙasa, ruwa yana shiga tsakar gida da damina, akwai tsohuwar rijiya ƙarƙashin ɗakin kusa da zaure, bangon arewa na haɗaka ne, magada mutum kaza ne kuma ga sa hannun kowannensu, ga bashin wuta da na harajin ƙasa, ga ranar da hayar kowane ɗaki za ta ƙare. A ba mai saye kwanaki ya kawo nasa magini ko injiniya kafin ya ba da kafin alƙalami, a kuma bar bango yadda damina ta bar shi har ya gama dubawa. In ya ji duk wannan ya ce ya saya, to ya saya, kuma ranar da ya dawo da kuka a kan abin da aka rubuta masa, alƙali ko a kotun shari'a ko a babbar kotu takardar zai buɗe masa ya nuna masa sa hannunsa.